Tsatsar ado da tsatsar wuta: Labarin tsofaffin motocin Khartum da Omdurman

Da a ce kafin yaƙi ka shiga unguwar masu gyaran mota ta Omdurman, ka samu mai fenti ka ce masa, "Malam, so nake ka fesa wa motar nan fentin da za ta fito kamar ta yi shekara 40 a rana, rufinta ya koɗe, gefenta ya yi tsatsa," to da sai ya ajiye bindigar feshinsa ya ƙare maka kallo. Watakila ma ya nuna maka titi ya ce ka ajiye ta can, rana za ta yi maka aikin kyauta.

Amma a Amurka da Jamus da Ingila wannan sana'a ce mai zaman kanta. Akwai masu fentin da aikinsu ke nan: a kawo musu tsohuwar mota lafiyayya, su ɓata kwanaki suna yi mata tsufan ƙarya, mai ita ya biya kuɗi mai kauri ya tafi yana murna. Turawa na kiran wannan kama ta tsufa da suna patina. Mu a nan sai mu ce furfurar mota.

Kamar dai ɗan wasan Kannywood ne da ake barbaɗa wa hoda a gemu don ya fito a matsayin dattijo, alhali ga dattijon gaske can a gida yana neman baƙin rini. A Khartum da Omdurman, biranen da kogin Nilu ya raba, tsofaffin motoci sun daɗe da furfurarsu ta gaske, masu su kuma kullum ƙoƙarin rufe ta suke. Yanzu kuma yaƙi ya kawo wata irin tsatsa ta uku wadda ba mai so.

Yadda ake ƙera tsufa

Duk wanda ya iya wannan aiki ya san ba da goga ake farawa ba, da ido ake farawa. Sai ka san inda mota ke fara tsufa. Rana daga sama take duka, don haka rufi da saman boneti da kafaɗun gaba su ne ke fara koɗewa. Hannu na cin fentin da ke kusa da mariƙin ƙofa. Gwiwar hannun direba na goge bakin taga. Man fetur na zubowa ƙarƙashin murfin tanki ya bar zane. Ruwa kuma ƙasa yake gangarawa, shi ya sa tsatsa ke zubo da jan layi daga ƙarƙashin ƙusa ko madubi. Wanda ya zuba tsatsa ko'ina daidai wa daida, kamar an yayyafa yaji a kan tsire, to ya tona wa kansa asiri.

Aikin kansa hawa-hawa ne. Ana fara gyara jikin motar sarai, a kankare tsatsar gaske, a toshe huji, a rufe ƙarfen da fentin kariya. Daga nan sai a fesa baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, wanda zai tsaya a matsayin tsohon ƙarfe. A bi shi da jan fentin shimfiɗa, irin wanda kamfanonin da can ke sakawa a ƙasa. Sannan a kawo ainihin launin motar, a fesa shi shara-shara. Wasu ma launi biyu suke ɗorawa, don ta fito kamar motar da aka taɓa sake wa fenti shekaru da suka wuce.

Idan ya bushe sai a ɗauko samfefa mai laushi da ruwa, a riƙa gogewa a hankali a wuraren nan da rana da hannu ke ci. Launin sama ya tafi, ja ya leƙo, a tsakiya kuma duhun nan ya bayyana. Abin da ake nema shi ne kada a ga iyaka, launi ya narke cikin launi.

Akwai kuma dabarun ƙarin gishiri, kuma a nan gishirin na gaske ne. Ana jiƙa wuri, a barbaɗa gishiri mai tsakuwa, a fesa fenti a kai; in ya bushe a kakkaɓe, sai wurin ya fito da ɗigo-ɗigo kamar fenti ya ɓarɓashe. Wasu na dangwala soso a fenti mai ruwan ƙasa da ruwan lemo su yi ta ɗanɗanawa. Akwai kuma fentin da aka cuɗa da garin ƙarfe: a shafa shi, a fesa masa ruwan khal da gishiri da haidurojin, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, cikin 'yan sa'o'i sai ga tsatsa ta gaske ta fito. Sai dai garin ƙarfen da ke cikin fentin take ci, jikin motar na ƙasa lafiya lau. A ƙarshe a rufe komai da wani rufi marar launi kuma marar ƙyalli. Mai gaggawa kuwa leda yake saye mai hoton tsatsa, a manna wa motar gaba ɗaya.

Aikin na da haɗarinsa. Fentin tsofaffin motoci da yawa na ɗauke da dalma, kuma ƙurarsa guba ce ga mai gogewa da yaran shagonsa. Rufin ƙarshe na zamani, wanda ake haɗawa da sinadarin sandarewa, yana lalata huhu idan ana fesa shi ba tare da abin rufe hanci na ƙwarai ba. Ƙyallen da aka ɗaura a baki ba ya hana komai.

Me ya sa mutum zai biya don motarsa ta tsufa?

Amsar tana kasuwar masu tara tsofaffin motoci. Shekaru da dama abin da ake yayi shi ne a wargaza tsohuwar mota a sake ta fil, har ta fi ranar da ta fito daga kamfani sheƙi. Daga baya sai tunani ya juya. Masu kuɗin suka lura cewa kowa da kuɗinsa zai iya sabunta mota, amma fentin asali sau ɗaya ake samunsa. In ka kankare shi, ya tafi ke nan.

A watan Fabrairun 2015 aka yi gwanjon motocin wani attajirin sufuri na Faransa, Roger Baillon, kusan guda 60, waɗanda suka shekara da shekaru a ƙarƙashin rumfunan kwano suna ruɓewa. Wata Ferrari da aka tono daga ƙarƙashin tulin tsofaffin mujallu ta tashi a kan Yuro miliyan 16.3. Kafin nan, a 2009, an ciro wata Bugatti ƙirar 1925 daga tafkin Maggiore da ke tsakanin Italiya da Suwizalan, bayan ta haura shekara 70 a ruwa. Rabin jikinta ya cinye, amma a farkon 2010 aka saye ta kan Yuro 260,500, aka kai ta gidan ajiya a Kalifoniya aka girke ta yadda take.

Babbar shaida ta zo a watan Agustan 2024, a gasar Pebble Beach ta Amurka, wadda ita ce ƙololuwa a wannan harka. Wata Bugatti ƙirar 1934, wadda Sarki Leopold na 3 na Beljiyam ya taɓa mallaka, ta lashe babbar kyauta da tsohon fentinta da tabonta. Wannan ne karon farko da motar da ba a sabunta ba ta yi hakan. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ita ma tana da wata yarjejeniya mai sunan birnin Turin, wadda ta fara aiki a 2013, da ke jan hankali cewa alamun shekaru wani ɓangare ne na tarihin mota.

To da tsohuwar zuma ake magani, kuma duk abin da ya yi daraja sai an yi jabunsa. Masu ƙaramin ƙarfi da ke son wannan kama, musamman masu tsofaffin Volkswagen da akori-kurar Amurka, sai suka koma ga masu fenti. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan dabara. Wani masani, Christopher Steiner, ya rubuta littafi a 1994 kan fataken kayan sassaƙa a Kodebuwa, waɗanda Hausawa na cikin manyansu, inda ya nuna yadda ake tsufar da sabon gunki kafin a kai wa Bature, don shi Baturen tsoho yake nema.

Mai fentin da ba ya karɓar kuɗi

Abin da ya sa Khartum ta shigo wannan labari shi ne yanayinta. Tsatsa abu uku take bukata: ƙarfe, iska da danshi. A Ingila, inda ake ruwa kusan kullum kuma ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, mota daga ƙasa take ruɓewa, ta huje tun injinta na da sauran ƙarfi. A Khartum kuwa ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 200 ba. Kano na samun ninkinsa sau huɗu ko fiye. Zafi a watannin Mayu da Yuni na haura digiri 40. Ga kuma habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa kamar bango ta rufe gari, wadda daga Larabcin Sudan duniya ta ari sunanta.

A irin wannan wuri mota daga sama take tsufa. Rana ta ƙone fentin ya zama kamar alli, yashi ya goge shi sannu a hankali, jan shimfiɗa ya fito, a ƙarshe ƙarfen ya yi wata siririyar tsatsa mai duhu wadda ba ta cin ciki sosai. Wato daidai abin da mai fentin Jamus ke wahalar kwaikwayo da samfefa. Shi ya sa a Amurka ma motocin jihohin hamada irin su Arizona suka fi daraja wajen masu wannan sha'awa. A Port Sudan kuwa, bakin Bahar Maliya, labarin daban ne, don danshi da gishirin teku ba sa raga wa ƙarfe.

Akwai wani sirrin kuma. Fentin da, na kafin shekarun 1980, launi da ƙyalli a haɗe suke, don haka sirancewa yake yi a hankali. Na zamani launi ne a ƙasa da rufi marar launi a sama. In rana ta ci shi sai ya riƙa saɓulewa kamar fatar maciji. Motar yau ba ta iya tsufa da kyan gani.

Duk wanda ya san Khartum kafin 2023 ya san tasi masu launin ruwan ɗorawa, yawancinsu Toyota Corolla na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, da 'yan ragowar Hillman na Ingila. Ba don sha'awar tarihi direbobin suka riƙe su ba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017, da ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 da kusan kashi 3 cikin 4 na man ƙasar, da faɗuwar darajar fam, duk sun sa sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Daga baya ƙananan bas da ake kira Amjad, da rakša, wato a-daidaita-sahunsu, da kuma manhajar kiran mota irin su Tirhal suka kwashe fasinjojin.

Ga direban irin wannan tasi, koɗaɗɗen rufi ba ado ba ne. Alama ce da ke ce wa fasinja kada ka shiga. Shi ya sa da zarar ya samu ɗan rara sai ya nufi wajen samkari, wato mai buga bodi, a cike lotsawa, a sake fesa ruwan ɗorawa. Abincin wani gubar wani.

Sifinja, amaryar ƙarfe

In ana neman motar da ta nuna yadda 'yan Sudan ke kallon tsohon ƙarfe, to babbar motar nan ce Bedford. Kamfanin Ingila ya fara ƙera samfurin TJ mai dogon hanci a 1958, ya shiga Sudan sosai a shekarun 1960. Direbobi suka laƙaba mata suna Sifinja, wato silifas, takalmin soso, wai don laushin tafiyarta.

Maƙeran Sudan ba su karɓe ta yadda Bature ya ƙera ta ba. Sukan kwance ta, su ƙara wa ƙashin bayanta ƙarfe, su ƙara sifirin, su sa manyan tayoyin da za su iya da yashi, su gina mata bodin da zai ɗauki kaya fiye da abin da kamfani ya rubuta, fasinjoji kuma su hau saman kayan. Masana biyu daga Jami'ar Bayreuth ta Jamus sun bi diddigin wannan sana'a: Kurt Beck ya yi rubutu a kanta, Valerie Hänsch kuma ta fitar da fim a 2009 wanda sunansa ke nufin Sifinja, amaryar ƙarfe.

Kalmar amarya ta faɗi komai. Kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci a tsakiyar shekarun 1980, kamfanin AWD da ya gaji masana'antar shi ma ya durƙushe a 1992. Ke nan kusan duk Sifinjar da ka gani a hanya ta ba shekara 30 baya, wata ma 50. Amma idan ta fito daga hannun maƙera da masu fenti, fitowar amarya take yi: launuka masu ɗaukar ido, zane a ƙofa, rubutun addu'a ko karin magana, ado a gaban gilashi. Ba wanda zai kai amarya ɗaki da furfurar ƙarya. Mai motar so yake ɗan kasuwar da zai ba shi buhunan dawa ko gawayi ya gani ya san wannan mota ana kula da ita, ba za ta kwana da kayansa a daji ba.

Kafin yaƙi, irin waɗannan motoci ne ke lodi a manyan kasuwannin Omdurman irin su Suk Libiya, su nufi Kordofan da Darfur ta hanyoyin da babu kwalta. Kuma hanyar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, alhazanmu ta ƙasa suke bi: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeche, Al-Junaina, Al-Ubayyid, har bakin teku. Da farko a ƙafa da jaki, daga baya a bayan manyan motoci. Da yawa ba su dawo ba, suka zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na 1 ya ci, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokin waɗannan matafiya na nan a Sudan har gobe, suna jin Hausa.

Tsatsa ta uku

Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Cikin abubuwan da mazauna birnin suka fi kuka da su har da kwasar motoci. An bi gida-gida da wuraren sayar da motoci, an kwashe dubbai, wasu aka yi yamma da su zuwa Darfur har Cadi. Waɗanda ba su tashi ba aka cire musu tayoyi da batir da duk abin da zai sayu. Wasu kuma wuta ta cinye su a inda suke. Fiye da mutum miliyan 11 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar.

Lokacin da sojoji suka karɓe Fadar Shugaban Ƙasa ranar 21 ga Maris 2025, sannan sauran tsakiyar birnin cikin kwanakin da suka biyo, hotunan da suka fito sun nuna tituna cike da gawarwakin motoci, dukansu launi ɗaya: jan ƙasa mai haske.

Wannan launi na da dalili. Wuta na cinye fenti da shimfiɗa da duk wata kariya a lokaci guda, ta bar ƙarfe tsirara. Raɓa kaɗan ko yayyafi ɗaya ya isa ya mayar da shi ja cikin kwanaki. Abin da rana ke yi a shekara 40 a saman rufi kawai, wuta na yi wa mota gaba ɗaya a dare ɗaya. Kuma ba a fata abin ya tsaya ba. Zafin na sassauta ƙarfe ya lanƙwasa shi, gilashi ya tarwatse, sassan alminiyom su narke su zuba ƙasa, tunda shi a digiri 660 yake narkewa. Motar da ta ƙone haka, ko an fesa mata fenti ta yi kyau, ƙashinta ya riga ya mutu.

Har motocin da ke ajiye don tarihi ba su tsira daga barazanar ba. A gidan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, wanda ke daura da hubbaren Mahadin a Omdurman kuma aka mayar gidan tarihi a 1928, an daɗe ana nuna wata mota ƙirar Arrol-Johnston ta Sikotilan, wadda ake cewa ita ce ta farko da ta shiga Sudan. A gidan tarihin Fadar Shugaban Ƙasa kuma, cikin tsohon ginin majami'ar Angilika, kafin yaƙi akwai jerin motocin alfarma, har da Rolls-Royce, da suka ɗauki gwamnonin Ingila da shugabannin Sudan da manyan baƙi. Fadar ta kusa shekara biyu a tsakiyar fagen daga, ta kuma sha wuta. An wawashe babban gidan tarihin ƙasa, gidan Halifa ma bai tsira ba, har UNESCO ta fito a watan Satumban 2024 tana gargaɗin dillalai a duniya kada su sayi kayan tarihin da aka fitar daga Sudan.

Yanzu da mutane ke komawa, ana janye ƙonannun motoci daga tituna. Inda hatsarin yake shi ne, a idon mai awon ƙarfe da kilo, ƙonanniyar mota da tsohuwar Hillman ko Bedford da ta tsira a bayan gida duk abu ɗaya ne. Mutumin da ya dawo ya tarar da gidansa babu ƙofa babu taga kuwa, ba za ka ga laifinsa ba in ya sayar.

Yadda ake gane ta gaske

Ga mai sayen tsohuwar mota, a Omdurman ne ko a Kano, sanin bambancin nan na iya ceton kuɗinsa, watakila ma ransa.

Furfurar gaske tana bin hankali: ta fi yawa a sama, ta ragu a gefe, kuma gefen da ya fi kallon rana ya fi cin wuya. In ka buɗe ƙofa ko but, za ka tarar da launin asali a ɓoye da sauran ƙarfinsa. Robar gilashi ta tsattsage, kujeru da sitiyari sun tsufa tare da jikin. Ta ƙarya kuwa sau da yawa gefe biyu iri ɗaya ne kamar tagwaye, in ka karkata ido za ka ga sawun samfefa, in ka shafa ka ji santsi a inda ya kamata ka ji kaushi. Ka ɗora maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, akwai cikon da aka ɓoye. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ita kuwa wadda wuta ta taɓa, duba cikin ƙofofi da ƙarƙashin daben: za ka ga toka, narkakkiyar waya, ko ƙarfen da ya yi tumbi-tumbi.

Yin fentin tsufa don sha'awa ba laifi ba ne. Motarka ce, kuɗinka ne. Laifin na farawa ne ranar da aka sayar da ita da sunan fentin asali, ko aka yi amfani da shi aka rufe ruɓa.

Wanda kuma Allah ya sa yana da mai furfurar gaske, kada ya yi gaggawar kai ta feshi. A wanke ta da sabulu mai laushi, a kashe tsatsar da ke ci a ƙasa da lunguna, a gyara birki da waya da taya, saman kuma a shafa masa kakin goge mota ko dafaffen man linsid, irin wanda kafintoci ke shafa wa katako. Sai dai a kula, tsumman da aka shafa wannan mai da shi in aka dunƙule shi aka jefar yana iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa. A samu inuwa a ajiye ta, a kuma adana takardunta da tsofaffin hotunanta, don su ne shaidarta.

Mu ma muna da namu. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kuma 404 da 504 da suka yi jigilar Arewa kaf, da Bitil, da Landiroba ta hakimai da malaman gona, suna nan jefi-jefi a bayan gidaje, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Iskar hunturu da ranar bazara sun yi musu irin aikin da suka yi wa na Khartum. Kullum kuma 'yan gwangwan na zagayawa da guduma da sikeli, tireloli na kwasar ƙarfen zuwa masana'antun narkarwa a Kudu.

Ba kowace tsohuwar mota ce za ta yi kuɗi ba, yawancinsu ma ba za su yi ba, kada wani ya ji labarin Ferrari ya fara lissafin miliyoyi. Amma motar da ta kai kakanka Hajji, ko ta yi shekara 30 tana ciyar da gida, in aka sare ta an sare ta ke nan. Mutanen Khartum ba a ba su zaɓi ba, wuta da ɓarayi suka yanke musu hukunci. Kai da taka ke bayan gida, kafin ka kira mai sikeli, ɗauki guga da tsumma ka wanke ta tukuna, ka ga abin da ke ƙarƙashin ƙurar.